Kyaftin na Ƙarshen Layi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da Baba, yana gaba da sandarsa yana ta sauri kamar ba shi ne ya yi ta cewa ba za shi ba. Ga waɗanda ba su san mu ba, ni ce babba a ɗakinmu, ina sayar da atamfa a kasuwar Kontagora. Baba tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye sitiyari. Wanda za mu wajensa a Abuja kuwa autanmu ne, matuƙin jirgin sama a wani ƙaramin kamfani mai zirga-zirga a cikin gida.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba, sulhu za ni. Farkon shekarar nan aka ƙara wa Auta girma, ya tashi daga mataimaki ya zama kyaftin. Baba don murna ya aika garin Bobi aka kawo masa rago, ya gayyaci unguwa kaf, har da maƙwabcinmu Bakambare wanda daga coci ya zarce gidanmu. Aka dafa, aka shimfiɗa tabarmi, aka zauna jiran mai walima. Auta bai zo ba. Ya bugo waya yana ba da haƙuri, wai an sa shi zaman ko-ta-kwana. Ƙaramar Sallah ta zo, nan ma shiru. Daga nan Baba ya daina ɗaukar wayarsa. Hujjarsa ɗaya ce: lokacin da yaron nan yake mataimaki, kusan duk wata yana gida, to yanzu da ya zama shugaba a cikin jirgi wa ya isa ya hana shi? Girman kai ne kawai. Abin ya hana ni sukuni, don na san fushin Baba, in ya daɗe a ransa fitar da shi aiki ne. Da ƙyar na shawo kansa da cewa ya je ya faɗa masa ido da ido, ya fi wannan gaba da yake yi da waya.

Na kama masa kujerar gaba don ya miƙe ƙafa, ashe na haɗa direba da aiki. Tun kafin mu kai Mariga Baba ya fara koya masa tuƙi: nan ka rage, nan ka sa giya ta uku, wannan ramin tun zamaninmu yake. Direban ɗan kirki ne, sai dai ya ce "To, Baba," ya ci gaba da abin da ya ga dama. Kuɗin mota ya tashi sosai a kan na bara, amma da na ga yadda tayoyi ke cin wuya sai na yafe musu. Damina ta yi kyau, masara da dawa sun rufe gefen hanya, shanu na tsallakawa a natse kamar su suka biya kuɗin titin. Wajen Tegina mota ta yi tsit, kowa na addu'a a ransa, sai da muka wuce shingen jami'an tsaro sannan hira ta dawo.

A Zungeru mata suka yanyame motar da soyayyen kifi a faranti. Na saya wa Baba, ya ce ba ya jin yunwa, kafin mu haye gada ya cinye har da kai. Minna muka sauka muka yi sallah, muka ci tuwon shinkafa da miyar kuɓewa a wata rumfa, mai abincin Banufiya ce mai Hausa da zaƙi, ta ƙara wa Baba nama don ya ce mata ya san garinsu. Hanyar Minna zuwa Suleja kuwa, wanda ya bi ta ya san abin da nake nufi, wanda bai bi ba Allah Ya ƙara tsare shi. A Lambata na ga doya jibge kamar an yi ginin ɗaki da ita, na saya wa matar Auta kashi guda. Baba ya harare ni ya ce shi dai bai zo da tsaraba ba, magana ya zo da ita.

Da la'asar sakaliya muka isa Lugbe. Na ɗauka kyaftin zai zauna a can cikin unguwannin manya, sai ga mu a ɗan madaidaicin gida kusa da hanyar filin jirgi, jirage na wucewa a kanmu har kwanon rufi na amsawa. Auta ya fito da sauri ya durƙusa. Baba ya amsa gaisuwar yana kallon bango. Abin da na fara lura da shi a falo shi ne ƙaramar jaka a bakin ƙofa, a zuge, takalmi a goge kusa da ita, da farar riga a rataye mai zane huɗu a kafaɗa.

Aka kawo abinci, Baba ya ce sai ya yi magana tukuna. Ya gyara zama, ya fara daga ranar da ya ɗora Auta a cinya ya riƙa masa sitiyari, ya gangaro zuwa walima. Yana cikin lissafa waɗanda suka zauna jira, wayar Auta ta yi ƙara. Na ga fuskarsa ta canza. Ya amsa a taƙaice, ya ajiye, ya ce, "Baba, ka yi mini afuwa, wajen aiki ne. Wani kyaftin ya makale a Fatakwal, ni zan ɗauki jirginsa." Kafin Baba ya rufe baki ya sa riga, ya ja jaka, ya fice. Baba ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Ina magana ya tashi ya bar ni. Gobe gida za mu."

Matar Auta ce ta cece mu, Allah Ya yi mata albarka. Yarinya ce mai kunya, amma ranar ta zauna gefe ta yi wa Baba bayani tiryan-tiryan. Ta ce a aikinsu komai bisa wanda ya riga ka shiga ake yi. Masu daɗewa su ke fara zaɓen ranakun aiki da na hutu, abin da ya rage shi ake ba na ƙasa. Lokacin da Auta yake mataimaki ya daɗe a cikinsu, shi ke kan gaba, shi ya sa yake samun Juma'a da Sallah. Ranar da ya zama kyaftin sai ya fita daga wancan layi ya shiga na kyaftin-kyaftin, kuma a can shi ne na ƙarshe. Na ƙarshe ba shi da jirgin kansa, zama yake a gida da waya a hannu, duk wanda ya yi rashin lafiya ko ya makale shi za a kira, kuma dole ya isa filin jirgi kafin awa biyu. Ta ce ko kasuwa mai nisa ba ya zuwa. Bikin yayanta ma ita kaɗai ta je, ranar walima kuwa ya wuni a kujerar nan da Baba ke kai, ba a ma kira shi ba, ya kasa cin abinci.

Baba ya tambaya, kamar da kansa yake magana, "Wato ko ba a kira shi ba, ba ya motsawa?" Ta ce ko nan da can. Ya jawo kwanon abinci. Ni da na san shi na gane maganar ta shiga, amma Baba ba ya sauka daga fushi a gaban suruka.

Washegari Baba ya ɗage tafiyar, da hantsi Auta ya dawo, idanunsa jajir. Baba ya ce masa, "Ashe kai ma layi kake bi. Mu a tasha ko sabuwar mota ka sayo, a bayan tsofaffi kake tsayawa." Na ce alhamdulillahi a raina, sai kuma ya ƙara da cewa amma shi har yanzu bai ga tuƙin ba, labari yake ji, kuma gobe tafiya ba fashi. Haka muka wuni, gaisuwa sama-sama, kowa na satar kallon wayar da ke kan tebur. Har ni na kamu, ƙararrawar mai sayar da ruwa ta sa na zabura.

Da safe mun gama ɗaure kaya za mu tashar Zuba, wayar ta yi ƙara. Auta ya saurara, ya ajiye, ya dube ni. "Yaya, Birnin Kebbi ne. Iyalin ma'aikaci suna iya bi in an sami kujera, amma sai kowa ya shiga za a sani. In babu, sai ku hau mota." Na ce wa Baba daga Birnin Kebbi ai gida kusa ne ta Yawuri. Ya ce shi bai taɓa shiga jirgi ba kuma ba yau zai fara ba. Yana faɗa yana sa takalmi.

A filin jirgi Auta ya bi tasa ƙofar, mu muka tsaya gefe da jakunkunanmu. Jama'a, jira iri-iri ne, amma wannan daban ne. Fasinja na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga su da ido, ina roƙon Allah Ya sa wani ya makara, ina kuma neman gafarar wannan roƙo. Baba ya jingina da sanda ya ce, "To, ga shi mu ma an sa mu ko-ta-kwana." Layi ya ƙare. Ma'aikaciyar ta duba na'urarta, ta ɗaga kai ta yafito mu. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a tsakiyar Abuja ba.

Jirgin ƙarami ne, Baba ya sami taga. Da ya fara gudu na damƙe hannun wata baiwar Allah da ban sani ba, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Baba kuwa ya karkata kai yana sauraron inji, irin yadda yake yi wa mota. Muka ɗaga, gidaje suka koma kamar akwatunan ashana. Sai muryar Auta ta fito ta lasifika, a natse, da Turanci sannan da Hausa. Ya yi wa fasinja maraba, ya ce za a ɗan sami girgiza saboda hadari amma kada kowa ya damu. Can gaba ya sake magana, ya ce waɗanda ke hannun hagu, wancan koren da ke can nesa ƙasar Kontagora ce, kuma yau yana ɗauke da mutumin da ya fara koya masa tuƙi. Baba ya manna goshi da taga. Bai juyo ba har muka fara sauka, amma na ga yana goge ido da bakin rawani.

Girgizar ta zo kamar yadda aka faɗa, ta wuce. Tayoyi suka taɓa ƙasa lumui, ko ruwan da ke hannuna bai zube ba. Muka bari kowa ya fita. Auta ya fito bakin ƙofar ɗakin tuƙi da hularsa a hannu, ya durƙusa wa Baba a gaban ma'aikatansa ba tare da ya ji komai ba. Baba ya ɗora masa hannu a ka ya daɗe. Ya ce, "Ka iya birki. Allah Ya yi maka albarka, Ya kai ka gaban layi." Ko ruwa ba mu sha tare ba, don fasinjan komawa Abuja sun riga sun fara taruwa.

Daga nan muka koma ƙasa irin tamu. Mota ta ɗauko mu ta Jega da Koko, warin albasa na shigowa ta taga, babura ɗauke da buhuna sun fi masu tuƙa su girma. Wannan karon Baba bai koya wa direba komai ba, fasinja ya samu. Kafin mu kai Yawuri duk motar ta san cewa akwai layi a sama kamar yadda yake a tasha, kuma ɗansa ne na ƙarshe a ciki, yana faɗa da alfahari kamar sarauta aka ba shi. A Yawuri ya saya wa gida busasshen kifi da kansa, har da na maƙwabta. Muka shigo Kontagora ana kiran magariba, ƙafafuna a kumbure, zuciyata wasai.

Abin da na koya a tafiyar nan shi ne, ƙarin girma a wani aikin komawa baya ne kafin a ci gaba, kuma mu da ke gida muna saurin yanke wa namu hukunci da ma'aunin da muka sani. Da yawa cikin waɗanda muke cewa sun guje mu, suna can zaune ne kusa da wata waya, ba su da ikon ranarsu. In kuna da irinsu, ku je ku gani kafin ku yi fushi.

Bayan an idar da sallah Baba ya kira ni zaure. Ya ce in gaya wa Auta kada ya wahalar da kansa neman hutun Babbar Sallah, ba zai samu ba, mu za mu je mu yi idi a Lugbe. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya yi idi a wajen Kontagora ba. Na ciro waya zan kira, sai ya miƙo hannu.

"Kawo nan," in ji shi. "Ni zan faɗa masa."