Famfon Ƙofar Mai Gari

Har gobe ba na manta ranar da taubashiyata Hajo ta shigo ofishinmu na Gummi da busasshiyar jarka, ta dire mini ita a kan tebur. A bazarar 2014 ne, lokacin ina kula da makanikai a wani shiri na gyaran famfunan tuƙa-tuƙa a ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum.

Ga yadda aikin yake tafiya. Kafin a fita gyara, ana tura ma'aikata a kan babura su zaga ƙauyuka, su rubuta kowane famfo da ya lalace da abin da ke damunsa. Idan sun dawo sai a shigar a kwamfuta, kowane famfo da layinsa. Ƙauyen da famfo uku suka lalace, sunansa zai fito sau uku. Daga wannan dogon jeri ake fitar da gajeriyar takardar da makanikai ke bi.

Malama Rifkatu ce ke fitar da takardar, wata 'yar Zuru mai riƙe da bayanan ofis. A shekarar ta tafi hutun haihuwa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ta taɓa koya mini wata fomula: ka rubuta sunan ƙauye, kwamfuta ta leƙa cikin jeri ta kawo maka mazaɓarsa. Sai na ga ai za ta yi wa famfuna ma. Na jera ƙauyuka, na ja fomula har ƙasa, kowane ƙauye ga famfonsa a gabansa, tsaf. Injiniya, shugabanmu, ya sa hannu yana cewa, "Baba Garba, ashe ka zama ɗan zamani." Na daɗe ina jin daɗin maganar nan, har a dangi ba wanda ban ba labarinta ba.

Makanikai sun gama da Bukkuyum sun shiga Anka sai ga Hajo. Ɗiyar kawuna ce, tana aure a wani ƙauye gaba da Zugu, kuma ita ce bakin matan shiyyarsu.

"Garba," ta ce, ko gaisuwa ba mu gama ba, "rago mai gari ya ba ka ko ɗiya?"

"Mi na yi kuma, tsohuwa?"

"Ni ta tsohuwa? Kai da haƙoranka sunka fara ƙaura? Makanikanka sun zo, sunka gyara na ƙofar mai gari wanda ƙara kawai yake yi, sunka sha fura, sunka tahi. Namu na gabas da na makaranta ko kallo. Munka bi su har bakin mota, sunka ce ba mu cikin takarda. Ɗiyanmu ruwan gulbi suke sha tare da shanu. Jikana na kwance da zawo."

Na ɗauko takarda na nuna mata da yatsa. "Ga garinku, ga famfonku. Kwamfuta ba ta son kai, Hajo."

"To karanta min na sauran garuruwa in ji."

Na fara karantawa da ƙarfi, don in kunyata ta. Ƙofar mai gari. Ƙofar mai gari. Masallacin ƙofar mai gari. Ƙofar hakimi. Muryata ta yi ta raguwa har ta mutu. Na ɗaga kai sai na ga Injiniya tsaye a bakin ƙofa.

"Ashe ita ma kwamfutar bafadiya ce," in ji Hajo.

Injiniya bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Baba, a taimaka a kira Rifkatu." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Rifkatu ta zo da jaririnta a goye. Ta duba, ta rufe baki da mayafi tana dariya.

"Baba, wannan fomular 'yar aike ce mai gaggawa. Da ta ga sunan ƙauye sau ɗaya, sai ta juyo a guje da abin da ta samu. Ba ta duba ko akwai wasu a ƙasa. Kowane ƙauye mazaɓarsa ɗaya ce, shi ya sa a can ba ta taɓa ba ka kunya ba."

"To don me kullum na mai gari take kawowa?"

Hajo ce ta amsa. "Wa ke shiga gari bai fara gaida mai gari ba?"

Gaskiyarta. Ma'aikatanmu yara ne masu ladabi. Duk inda suka sauka sai sun fara kwasar gaisuwa, famfon da ke wurin kuwa shi suke fara rubutawa. Shi ne layin farko a kusan kowane ƙauye, shi kaɗai na aika a gyara.

Rifkatu ta zauna ta ƙara gida ɗaya a gefen dogon jerin, wanda ke sa wa famfunan kowane ƙauye lamba: na ɗaya, na biyu, na uku. Sannan a takardar makanikai ta buɗe gidaje a jere zuwa dama, kowace lamba da gidanta. Sai ga layin garin su Hajo ya miƙe: ƙofar mai gari, gabas, makaranta. Wani ƙauyen har gida biyar ya cika. Ta ƙidaya famfunan takardar, ta ƙidaya layukan dogon jeri, suka zo daidai. Wannan ƙidayar ce ban yi ba, kuma ba ta buƙatar wani ilimi.

Injiniya ya tsayar da makanikai, ya ce kayan da suka rage a sito a fara da famfunan da suka mutu murus. Ba su isa ba. An riga an sa robobi da sarƙoƙi sababbi a famfunan da za su iya jira. Wasu shiyyoyin sai bayan damina suka ga ruwa, kuma wannan har yau yana cina.

Su Hajo dai sun samu a makon. Na bi makanikai da kaina. Da ruwa ya fito, ta kama hannuna ta ɗora a kan hannun famfo.

"Tuƙa, ɗan zamanin Injiniya."

Mata suka jera bokitai. Na yi ta tuƙawa cikin rana, suna yi mini guɗa, ita kuma tana gyara mini tsayuwa. Ba a sallame ni ba sai da ta ƙarshe ta cika bokitinta.

Ku da kuke aikin yanzu, kwamfuta abin da ka tambaya take amsawa, ba abin da kake nufi ba. In takarda ta fito muku fes, kowane gari da amsa ɗaya, ku ƙidaya kafin ku kai a sa hannu. Ku gaida mai gari, haƙƙinsa ne. Amma kafin ku hau babur, ku tsayar da mace mai ɗauke da ruwa ku tambaye ta daga ina ta ɗebo.