Jan Ƙwaron da Ya Sa Baba Magana

Wata rana wata mata mai suna Kubura ta sauko daga adaidaita sahu da tsofaffin bokitan fenti guda bakwai. Maƙwabta suka bi ta da ido.

Ba fenti za ta yi ba, jama'a. Karas za ta shuka!

A baranda. A hawa na biyu. A tsakiyar Kaduna.

Ga dalili. Mahaifinta, Malam Ilu, ya fi shekara arba'in yana noman rani a fadamar garinsu. Da hawan jini ya kwantar da shi, ta ɗauko shi ya dawo wurinta. Jiki ya yi sauƙi, amma tsoho ya yi shiru.

Gaisuwa, da kai yake amsawa. Abinci, loma biyu ya ture kwano.

Likita ya ce lafiyar harshensa lau. Kubura ta san ciwon, kewar gona ce. Kuma ta tsorata ƙwarai, don tana ganin mahaifinta yana ƙarewa a zaune.

Shi ne ta ce tunda ba zai iya zuwa gona ba, bari gona ta hawo bene.

Ta huda bokitai, ta zuba ƙasa da taki, ta yafa iri. Karas ya tsiro, kore shar! Ta ja kujerar Baba zuwa bakin baranda.

Ko kallo bai yi ba.

Ana cikin haka, ganye ya fara nannaɗewa yana danƙo. Ta duba, sai ga wasu jajayen ƙwari masu ɗigo-ɗigon baƙi suna yawo a kai, hankalinsu kwance kamar gonar ubansu ce.

To, Kubura ba ta da wasa. Kullum da safe, kafin ta tafi shagon ɗinkinta, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a gwangwanin ruwan omo.

Tana kashewa, ganye na ƙara lalacewa. Bokiti biyu suka mutu murus.

Ran nan ta kai hannu ta cafko wani babba, sai ta ji murya a bayanta.

"Ke Kubura! Me ya yi miki?"

Gwangwani ya suɓuce daga hannunta. Wata huɗu rabon da ta ji sunanta a wannan bakin!

"Baba... shi ke cinye min karas."

"Juya ganyen ki gani."

Ta juya. Wayyo! Wasu mitsi-mitsin koraye ne damƙam a ƙarƙashi, kamar kwarkwata.

"Ga ɓarayinki nan, darɓa. Wannan jan, su yake ci. Sati uku ina kallonki kina kashe masu gadinki."

Kubura ta zauna daɓas a ƙasa. Dariya take yi, hawaye na zuba, ƙwaron kuwa na yawo a bayan hannunta.

Daga ranar, gonar baranda ta koma hannun Baba. Ya sa ta tsinke ganyen da ya fi kamuwa. Ya sa ta wanke darɓar da feshin ruwa. Ya kafa doka: duk wanda ya ƙara taɓa jan ƙwaro, shi da shi ne.

Sai faɗa kuma! Wai ta cika iri. Ta cika ban ruwa. Wa ya koya mata noma? Kubura ba ta taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba, har neman laifi take yi da gangan.

Mai faɗa kuwa dole ya ci abinci. Kwano ya fara dawowa wayam.

Ranar cira, Baba da kansa ya kama ganye ya fizgo. Sai ga karas ja wur, miƙaƙƙe, ba ko tabo! Ya goge a gefen rigarsa, ya gatsa, ya tauna, Kubura na jira.

"Bai kai na fadama ba," in ji shi. "Ki ƙaro bokiti goma."

Darasi:

Kafin ka ɗora wa wani laifi, juya ganyen. Wanda ka fara gani a wurin ɓarna, wataƙila gyara ya zo yi.

Kuma tsohon da ya yi shiru a gidanku, ba lallai magani kaɗai yake nema ba. Ba shi abin da zai nuna muku cewa har yanzu ya fi ku sani.

Tura wa mai tsoho a gida. Wataƙila yau ya sayo bokiti.