Na Karya Masa Ƙafa, Shi Ya Rufa Min Asiri

Edita, sallama irin ta addinin Musulunci. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, a ƙarshen shekarar 2018, shekaruna ashirin da tara, ina aiki a wani kamfanin kago a Al Buteen da ke Dubai. Ni nake auna kayan 'yan kasuwarmu na Kano, in ɗaure, in rubuta suna a jiki kafin a loda a kwantena. A Al Warsan nake kwana, mu shida a ɗaki ɗaya. Matata tana Kano da tsohon ciki, takardun ɗauko ta kuma sun yi nisa, har na fara zagayawa ina duba ɗakin haya. Mutum ne ni mai ƙarfi da saurin fushi, kuma bakina ba shi da linzami. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, ado na ɗauke shi.

A filin unguwarmu na koyi ƙwallo, lamba biyar nake bugawa, kuma duk wanda ya taɓa buga ƙwallon unguwa a Kano ya san yadda muke yi. Ashar ita ce gaisuwa. In ɗan gaba ya yanke ka sau ɗaya, karo na biyu ko ƙwallo ta wuce ko shi ya wuce, amma ba duka biyun ba. In yaro ya faɗi yana riƙe da ƙafa sai mu ce ya tashi, shi mace ne? In ya cika kwalliya da ƙwallo mu ce ɗan daudu. Haka na taso, kuma wallahi ban taɓa zama na yi tunanin kalmomin nan suna sauka a jikin wani ba.

Wani abokin aikina ɗan Kenya ne ya ja ni zuwa ƙungiyarsu, ya ce suna neman ɗan baya. Duk Juma'a da ƙarfe bakwai na safe, kafin rana ta buɗe, suke kama wani fili mai ciyawar roba da aka kewaye da waya, ba nisa da masaukinmu. Akwai 'yan Filifin, Indiyawa, Larabawa, 'yan Afirka, har da wani Bature mai sanƙo. Abin da ya ba ni mamaki ranar farko shi ne kafin a take ƙwallo sai kowa ya yi da'ira, kyaftin ɗinsu, wani dattijo ɗan Labanan mai sayar da magani, ya maimaita doka guda. Ya ce a filin nan ba a taɓa uwar kowa, ba a taɓa ƙasarsa ko addininsa ko launin fatarsa, ba a yi wa kowa dariyar tafiyarsa ko muryarsa, kuma ba a kiran namiji mace don a ƙasƙantar da shi. Wanda ya karya dokar zai fita na minti goma, ya sa wata riga mai ruwan ɗorawa, ya riƙa zuba wa kowa ruwa. Na danne dariyata da ƙyar. Na ce a raina, yau ga filin ƙwallo ya koma islamiyya.

Sai na samo dabara. Tunda babu mai jin Hausa a cikinsu, sai in riƙa ɗura musu ashar da Hausa ina murmushi, su ɗauka kirari nake musu. Har wani Ba'indiye ya taɓa dafa ni ya ce yarenmu yana da daɗin ji. Wanda ya fi kowa shan bakina wani dogo ne baƙi siriri mai buga gefen hagu, wanda kullum yake cikin abokan karawarmu, ni nake tsare shi. Turanci da Larabci kawai yake yi, na ɗauka ɗan Sudan ne. A wani shagon gyaran gashi na Al Rigga yake aiki. In zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu, in yana magana yatsunsa suna lanƙwasa. Amma fa ƙwallo, subhanallah! Ban taɓa ganin ƙafar hagu irin tasa ido da ido ba. Ƙwallo tana bin sa kamar ya ɗaure ta da zare. Wata huɗu ina zagin uwarsa, ina kiransa ɗan daudu duk sanda ya wuce ni, shi kuwa ko ɗago kai ba ya yi.

Wata rana muna shan shayin karak bayan wasa na tambayi ɗan Kenyan nan dalilin wannan doka tasu. Ya duba hagu da dama, ya rage murya, ya ce an kafa ƙungiyar ne don waɗanda aka kora daga wasu filaye da zagi da duka. Ya ce a cikinsu akwai mazan da ba mata suke so ba, akwai kuma magidanta masu 'ya'ya irinsa, kuma ba a tambayar kowa ko shi wane ne. Ya roƙe ni in riƙe bakina, don a ƙasar nan magana irin wannan in ta kai kunnen hukuma, ɗauri ne da kora. Shayin ya fita daga raina. Na yi niyyar daina zuwa, amma filin yana da kyau, ƙwallon tana da daɗi, sai na ce ni ƙwallo ta kawo ni. Sai dai daga ranar na ƙara wa dogon nan keta, kamar ina so in nuna wa kaina cewa ni ba irinsu ba ne.

Ranar da abin ya faru an yi yayyafi da asuba, ciyawar tana santsi. Minti kaɗan da farawa ya zura min ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna ya wuce. Aka yi shewa. Can kuma ya sake yi, har na zauna daɓas a ƙasa, golanmu ma sai da ya yi dariya. Idona ya rufe. Karo na uku da ya taho ban ko kalli ƙwallon ba, na tashi sama na sauka da ƙafa biyu a kan ƙaurinsa. Na ji ƙarar karayar da kunnena, kamar an karya rake. Kuma maimakon in tsaya, sai na tsaya a kansa ina ihu, na kira shi sunan nan da Hausa, na sake faɗa da Turanci don kowa ya ji. Golan ɗaya ɓangaren ya rugo ya hankaɗe ni, na kai masa naushi, aka rirriƙe mu. Mai gadin filin yana gani ya ɗaga waya.

A cikin wannan hayaniya ne na ji wata murya daga ƙasa tana kiran sunan Allah, tana cewa wayyo ƙafarsa, wayyo innarsa, da Hausa tsantsa, Hausar cikin birnin Kano. Na waiga ina neman mai maganar. Shi ne. Duk ashar ɗin wata huɗu ta dawo min ɗaya bayan ɗaya, ashe babu wadda ta faɗi ƙasa, duk a kunnensa suka sauka.

Motar asibiti ta ɗauke shi, mu kuma aka ce mu biyo baya, ɗan sanda zai ɗauki bayani tunda an ce faɗa aka yi. A barandar asibitin na zauna da kayan ƙwallo a jikina. Na san ƙasar da nake. In ya ce da gangan na yi, kuma ga shaidu sama da goma, to ɗauri ne, daga nan a soke bizata a sa ni a jirgi. Aikin ya tafi, ɗauko matata ya tafi, in koma gida da ankwa a tarihina. Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata. A kan bencin nan na shirya ƙarya. Na ƙudurta in ɗan sandan ya kira ni zan ce mutumin ne ya taɓa ni ta hanyar da ba ta dace ba, kuma duk ƙungiyar irin mutanen nan ne, a bincika wayoyinsu a gani. Na san da na faɗi haka hankali zai bar kaina ya koma kansu. Har jera kalmomin na yi da Turanci ina maimaitawa a zuci. Kyaftin ɗin yana zaune kusa da ni yana kallona. Ya san abin da ke bakina.

Ɗan sandan ya fara shiga wurin mai raunin, sannan aka leƙo aka kira ni. Yana kwance an ɗaure ƙafar, fuskarsa ta yi fari-fari don azaba, ana shirin shiga da shi tiyata. Ɗan sandan ya nuna ni ya tambaye shi ko ni ne. Ya ce ni ne. Na buɗe baki zan saki abin da na tanada, sai ya riga ni. Da Larabci mai kyau ya ce ƙwallo ce kawai, mu biyun muka je mata, ciyawa ta jiƙe, na zame. Ɗan sandan ya ce to ihun da mai gadi ya ji fa? Ya ce ai ni ɗan garinsu ne, ɗan'uwansa, firgita na yi nake kururuwa da yarenmu, golan bai gane ba ya ɗauka faɗa ne. Ya ce ba ya ƙarar kowa. Ɗan sandan ya juyo ya tambaye ni ko ina da abin da zan ƙara. Ƙaryar tana kan harshena, a shirye, ko gishiri ba ta nema. Na girgiza kai. Ya rufe littafinsa ya ce halas, wato shi ke nan, ya yi mana fatan sauƙi ya fita.

Muka rage mu biyu. Na kasa kallonsa. Na tambaye shi da Hausa me ya sa ya yi haka. Ya ce ya ji ina gaya wa ɗan Kenya matata ta kusa haihuwa, kuma ba zai so jariri ya buɗe ido ubansa yana kurkuku ba. Na ce to me ya hana shi tanka min tun ranar farko? Ya ce kalmar nan da nake jifansa da ita ce ta fitar da shi daga Kano, tun yana yaro ake binsa da ita a layi har ta kai ga duka. Shekara bakwai yana Dubai bai yarda ya yi Hausa da Bahaushe ba, in ya hango 'yan kasuwarmu a Deira sai ya sauya hanya. Ya ce da gangan yake zaɓar gefen da nake tsarewa duk Juma'a, don zagina shi ne kaɗai Hausar da yake ji a mako, kuma ko zagi ne da muryar gida yake zuwa. Abu ɗaya ya ce yana masa ciwo, taɓa innarsa da nake yi, don ta rasu yana nan bai samu zuwa jana'iza ba. Edita, ni da ban yi kuka ranar da aka binne mahaifina ba, na durƙusa a gefen gadon nan na yi kuka kamar yaro. Da masu jinya suka zo tura shi, ya yi ɗan murmushi ya ce kada in manta, akwai minti goma a kaina.

Juma'ar da ta biyo na je filin. Babu wanda ya kore ni, babu kuma wanda ya yi min magana. Na ɗauki rigar nan mai ruwan ɗorawa na sa, na tsaya a bakin layi ina zuba ruwa. Minti goma suka cika kyaftin ya yafito ni, na ce a'a. Na yi alkawarin ba zan taɓa ƙwallo ba sai ranar da ya dawo fili. Bai dawo ba. An sa masa ƙarfe a ƙafar, ya warke da ɗingishi, ƙafar hagun nan da ban taɓa ganin irinta ba ni na kashe ta. Nakan je shagonsu a Al Rigga in zauna mu yi ta Hausa, hirar gurasa da Kantin Kwari da ruwan Agusta, yana dariya yana rufe baki. Da korona ta zo aka rufe shagon, ya bar ƙasar, lambarsa ta daina shiga. Har yau ban san inda yake ba.

Ni ba malami ba ne, ban rubuto don in yi fatawa ba, kuma ban taɓa tambayarsa yadda yake rayuwarsa ba. Hisabin kowa yana wurin Allah. Abin da na gani da idona shi nake faɗa: a ɗaki ɗaya, a minti ɗaya, kowannenmu yana riƙe da rayuwar ɗan'uwansa a bakinsa. Ni mai cika baki da mazantaka na tanadi ƙaryar da za ta ɗaure mutum goma, shi da nake kira ɗan daudu, da karyayyar ƙafa, ya rufa min asiri. Ina kira ga 'yan'uwana masu buga ƙwallo, a gida ko a waje, da masu tsayawa bakin fili suna ihu: ku ji tsoron Allah a kan bakinku da ƙafarku. Wanda kuke jifa da kalma yana ji, ko bai ɗago kai ba, kuma ba ku san me ta riga ta raba shi da shi ba. Matata ta iso Dubai wata biyar bayan abin, da 'yarmu a goye. Yanzu yarinyar ta yi wayo, ta ga rigar mai ruwan ɗorawa a rataye ta tambaye ni ta wace ƙungiya ce. Na ce mata ta wani kawunta ce, kuma har yanzu ban gama minti gomana ba.