Ɗakin Gwaggo a Gidan da Muka Sayar a Ɓoye

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, muka sayar da gidanmu na gado a wani ƙauye da ke gefen Ɗanbatta. Abin ya daɗe, kuma ina tsoron yi wa wani ƙage, don haka duk inda na ce "ina jin" ko "wataƙila", iyakar abin da na riƙe ke nan. Wasu maganganun na juya su a raina har ban ƙara sanin ainihin yadda aka faɗe su ba.

Sayarwar ta zama dole. Mu magada muna da yawa, gidan ba ya rabuwa, 'yan'uwana mata kuma suna son haƙƙinsu. Mahaifiyata ta riga ta koma Kano wurin yayana saboda asibiti. Mutum ɗaya ce ta rage a gidan, wato Gwaggo, yayar mahaifina. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ta dawo gidan ƙanenta tun muna yara. Ɗakinta na ƙasa yana can ƙurya kusa da rijiya, ga awakinta, ga tukwanen daddawarta. A shari'a ba ta da gado a gidan. Duk sanda aka yi mata maganar komawa birni sai ta ce, "In je in yi wa wa daddawa? Masu cin miyar dunƙule?"

Hanya biyu ce a gabanmu. Ko a ba dillalai su kai maganar kasuwa, duk mai so ya taya, ko kuwa a nemi mutum ɗaya a gama da shi a asirce. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina zaman jiran aiki, sai na shiga jera wa yayana amfanin kowace hanya da illarta. Ya saurare ni har ya gaji, ya ce, "Kai ko ruwa aka miƙo maka sai ka ce bari ka duba ɓangare biyu."

Mahaifiyata ce ta yanke. Ta ce ba za a yi shelar gidan mijinta a kasuwa kamar tunkiya ba, gari ya ɗauka cewa 'ya'yan Malam sun cinye gidan ubansu. Ta ce kuma maƙwabci shi ya fi cancanta a fara yi wa tayi. Sannan ta kawo abin da ya rufe mini baki: baƙo in ya saya, ranar zai ce Gwaggo ta kwashe kayanta, amma Alhajin da muke katanga ɗaya da shi, aminin mahaifina, ba zai taɓa yin haka ba.

Muka same shi a zaurensa bayan la'asar, ni da yayana. Ya taya ƙasa da abin da dillalai za su samo, mun kuma san haka. Yayana ya kawo maganar Gwaggo. Alhaji ya ce, "Haba, ai ni ma yayata ce. Ɗakinta nata ne har ranar da Allah zai karɓi abinsa. Kada ma ku gaya mata, hankalin tsohuwa zai tashi a banza." Yayana ya ce ya sallama.

Da muka fito na ce ko za a kira mai unguwa a maimaita wannan sharaɗi a gabansa. Yayana ya ce kunnen mai unguwa ai kunnen gari ne. Na ce to a sa shi a takardar ciniki. Ya dube ni ya ce, "Dattijo ya yi maka alkawari, ka ce ya rubuta? Ka je kai ka faɗa masa." Ban je ba. Gaskiya ni ma a lokacin na ga kamar rashin kunya ne.

Alhaji kuwa ya cika alkawari, wannan ina so a sani. Damina biyu Gwaggo tana zaune, tana shara, tana yaɓen katanga in ta zube, tana aiko mana da daddawa da saƙon cewa mu riƙa zuwa muna duba gidan ubanmu. Sai Alhaji ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, ya rasu.

Nasa magadan ba su ji kunyar kasuwa ba. Suka ba dillalai gidan. Wata safiya Gwaggo ta sa aka kira ni a waya, ta ce, "Wasu baƙi sun yi sallama sun shigo, suna auna ɗakina da igiya. Na ce su waye, sun ce in tambayi masu gida. Ba ku ne masu gida ba?"

Na shiga motar Ɗanbatta a ranar. Na fara zuwa wurin babban ɗan Alhaji. Bai yi mini wulaƙanci ba. Ya ce, "Baba bai taɓa faɗa mana ba. Wa ya ji?" Na ce ni da yayana. Ya ce, "Ai ku ne masu sayarwa." Akwai marayu ƙanana a cikin magadan, ya ce ba zai taɓa haƙƙinsu a kan maganar da ba shaida ba. Na rasa ta inda zan ce ya yi kuskure. Mai unguwa ma ya jinjina kai ya ce da an zo da maganar tun farko, da duk wanda zai saya ya san da tsohuwa a ciki. Wani ɗan kasuwar hatsi ne ya saya, zai gina sito.

Ni na gaya wa Gwaggo. Tana zaune a bakin rijiya tana tsince kalwa, ba ta ɗago ba har na gama. Na zaci za ta yi faɗa, har na so ta yi. Sai ta ce, "Ashe shekara biyu gidan aro nake sharewa." Can ta ƙara da cewa, "Da ka gaya mini, ai da na sha ruwan rijiyar nan da sanin na bankwana ne."

Muka kai ta Kano. An sayar da awakin, tukwanen kuma ba wurin ajiye su. Ba ta ƙara yi mana maganar gidan ba, sai dai in hadari ya haɗu ta tambaya ko an yi shuka a gida. Ba ta ga damina ta biyu a birni ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Har yau ina auna abin, kamar yadda yayana yake yi mini dariya. Da mun ba dillalai, wataƙila da an fitar da ita tun da wuri. Wataƙila kuma da gari ya ji, da an sami wanda zai saya da sharaɗin a bainar jama'a. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne mun ɓoye cinikin don mu rufa wa kanmu asiri mu kuma kare ta, sai ɓoyewar ta binne alkawarin tare da wanda ya yi shi.

Akwai wani abu guda. Ranar da muke zauren, wani mutum ya shigo ya gaishe mu ya zauna a bakin ƙofa, ina jin mai kawo wa Alhaji taki ne. Na kasa tuna ko kafin a yi maganar Gwaggo ya shigo ko bayanta. Yayana ya ce shi bai ma tuna da kowa ba. In mutumin nan yana raye, ko wani ya taɓa jin labarin daga bakinsa, don Allah a sanar da ni, a kuma gyara mini duk inda na kauce. Ba abin da zai dawo, sito ya daɗe da tsayuwa a kan ɗakin. So nake kawai in ji wani ya ce shi ma ya ji.