Ɗigon Lalle a Gefen Gilashi

Bakina ya saba da tatsuniya, amma wannan ba ita ba ce. A ɗakina ta faru, nan Kebbe, kuma ni na yi ta da hannuna.

Malam, maigidana, ya ƙare ƙarfinsa yana koyarwa a firamare, daga Sanyinna zuwa Dogon Daji, har ya aje aiki munka dawo gida. Mutum ne mai magana. Ko akuya ta shigo tsakar gida sai ya yi mata nasiha. Ran nan da hantsi ya faɗi a bakin rumbu. Da anka dawo da shi daga asibitin Tambuwal, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya naɗe, hannun hagu ko biro bai iya riƙewa. Hankalinsa kuwa garau, yana cikin idonsa.

Ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, aikin na'ura yake yi can kudu. Ya zo da wata tsohuwar kwamfuta, ya ce manhajar da ke cikinta ta kyauta ce, jama'a ne sunka haɗa hannu sunka gina ta. Ya sa wani allo na manyan haruffa a gilashin kwamfutar, ya ɗora hannun babansa a kan wani abu mai ƙwallo. In Malam ya mirgina ƙwallon, kibiya ta bi haruffa, sai wata murya ta faɗi abin da ya rubuta. Don ni anka sa muryar, tunda ban san ko baƙi ɗaya ba. Hausarta awa ta mai mura. Abu na farko da ta ce, bayan wata fuɗu Malam bai ce uffan ba, shi ne: "Tsohuwa, kunun nan ba tsamiya."

Na ce, "Ka ji shi! Da ma an bar ka shiru."

Ya yi dariya da rabin fuska. Na fita bayan ɗaki na yi kukana.

Kafin yaron ya koma ya zaunar da ni, ina kallon ƙasa yana bayani. "Inna, a cikinta akwai mai zana duk abin da kike gani a gilashi. Su biyu ne, tsoho da sabo. Sabon ba ya barin wata taga ta taɓa wata, don gudun ɓarayi, shi ya sa allon Baba ba ya aiki da shi. Na mayar da ita kan tsohon. In ta manta, ga hoton wani ɗan gare-gare a ƙasan ƙofar shiga, inda take neman mabuɗi, ki danna shi. Layi biyu za su fito, ki zaɓi na ƙasa."

Na ce, "Ni mi na sani da layi?"

Sai na yi mata alama yadda nake yi wa kajina da ƙoraina. Na kwaɓa lalle, na ɗiga a gefen gilashin daidai gare-garen, na ɗiga wani daidai layin ƙasa, na ɗiɗɗiga a kan maɓallai fuɗu na buɗe ta. Ya ce a makarantarsu ma ba a koya musu wagga dabara ba.

Shekara guda munka yi haka. Takan manta jifa-jifa, in bi lallena in dawo da ita. Malam ya yi mini faɗa a kan gero, ya raba rigimar ƙannensa ta iyakar gona, ya tambaye ni ko ƙafata ta daina ciwo. A farkon aurenmu ma bai taɓa tambayata haka ba.

Da damina ta kama, wata rana bayan azahar yana barci, na zo gyara wayar caji, sai na ga wani ɗan akwati ya fito a gilashi da rubutu. Maɓallinsa ɗaya ya faɗo daidai ɗigon lallena. Ni kuwa abin da na sani ke nan, inda lalle yake nan ake dannawa. Na danna. Ta nemi mabuɗi, na ba ta fuɗun nan. Ta sake tambaya, na sake dannawa. Ta yi ta aiki har la'asar, ta mutu ta tashi da kanta.

Da ta tashi, allon Malam bai fito ba. Na je ƙofar shiga. Babu gare-gare. Ɗigon lallena yana nan yana nuna wurin da babu kome.

Na kira yaron. Ya ce, "Inna, sabuntawa kika amsa. A sabon zubin sun cire tsohon mai zanen gaba ɗaya."

"Su wa? Kai musu magana, ka ce akwai mara lafiya."

"Ba mutum ɗaya ba ne, Inna. Sun gaji da gyaransa ne. Sai na zo na sake ɗora mata tsohon zubi."

A wurin aikinsa ba su ba shi hutu ba sai Sallah. Akawun asibitinmu ya zo ya duba, ya ce shi irin ta ofis ya sani, wagga bai taɓa ganinta ba. Munka koma ƙifta ido, ɗaya i, biyu a'a. Ruwa? Juyi? Alwala? Da wannan ana iya jinya. Amma akwai wata magana da ta tsaya masa. Kullum da safe sai ya mirgina ƙwallon, kibiya ta je inda haruffan suke a da, ta tsaya, ya dube ni. Na kawo masa zancen gona, na kawo na jikoki, na kawo inda yake son a rufe shi, na ce ko yafiya yake nema. Duk ƙiftawa biyu. Na faɗa masa ni na danna abin da ya ɓatar da allon. Ya daɗe yana kallona, bai ƙifta ba.

Gero na fitar da kai ya rasu, ranar wata Laraba da walaha.

Yaron ya iso bayan an kai Malam makwancinsa. Ran addu'ar uku, da mutane sunka watse, ya zauna da kwamfutar. Kafin tuwo ya nuna ya gama. Gare-garen ya dawo daidai lallena, allon haruffa ya fito tsaf.

Yanzu tana nan a kan akwatina da zane a rufe. Wata rana nakan buɗe ta, in mirgina ƙwallon zuwa inda kibiyar Malam ke tsayawa, in danna. Harafi ɗaya muryar ke faɗa. Na tambayi yaron, ya ce kalmomin da ke farawa da shi ba su ƙirguwa.