Kifin da Ya Narke a Tukunyar Iya

Iya, kakata ta wajen uba, ta zo Alƙahira a shekarar da wuta take ɗaukewa kusan kowace yamma. Ina aji huɗu a firamare lokacin. Aikin ido aka kawo ta, aka yi, aka dace, sai Abba ya ce ta zauna tare da mu, tunda a gidanmu na Yawuri ba wanda ya rage sai 'yan haya. Muna hawa na huɗu a Hayyin Ashir, ɗaki biyu da falo da wata baranda mai ɗaukar tabarma ɗaya. A barandar nan Iya ta kafa mulkinta. Ta sa aka samo mata kurfoti wajen 'yan Sudan, ta ce shayin da aka dafa a kan gas ba ya shiga jikinta. Da an idar da magariba, fanka ta tsaya, unguwa ta yi duhu, sai ta hura gawayi, ta bugi gefen tabarma da tafin hannu. Kirana ke nan.

Ni ba mai magana ba ce. Malamarmu ta taɓa tambayar Umma ko ina jin Larabci, alhali ina ji sarai, har zagin da 'yan bayan aji suke yi a ɓoye. Sai dai in zauna in yi ta kallo. Iya ta sa mini suna Shiru, amma ita kaɗai ce nake yi wa surutu, kaina a cinyarta, ina shaƙar hayaƙin gawayi da man zafin da take shafawa a gwiwa.

'Yar masunta ce, a bakin kogin Kwara aka haife ta, don haka tatsuniyoyinta duk jiƙaƙƙu ne: dorina da kada da 'yan ruwa. Ba ta buɗe su yadda kowa yake yi. Sai ta ce, "Ga ta nan, yanzu aka fito da ita daga koma." Ni kuma in ce, "Ta zo mu cire mata ƙaya." In ta gama, ta tafa sau ɗaya ta ce ƙurunƙus kan tarwaɗa. Ba ta taɓa tashi daga tabarma ba ta rufe ba. Ta ce tatsuniyar da aka bari a buɗe bin mutum take yi har shimfiɗa.

Abu ɗaya ne ya gagara, wato abinci. Wake irin na Masar ta ce na doki ne. Koshari kuwa, ta leƙa kwanon ta ce shinkafa da taliya ne suka yi faɗa aka rasa mai raba su. Shayi take sha da ɗan burodi. Na lura awarwaronta da yake tsayawa a wuyan hannu ya fara zamewa har kusa da gwiwar hannu in ta ɗaga buta. Wata rana na ji Abba yana gaya wa Umma a kicin cewa ba zai zuba ido mahaifiyarsa ta ƙare a gabansa ba. In har hutu ya zo ba ta soma cin abinci ba, zai haɗa ta da ɗaliban da za su gida. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji kukana.

Ana cikin haka wata Juma'a Ammu Usman, wato kawu Usman da Larabci, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bahaushen Sudan ne, maƙwabcinmu na ƙasa, direban motar Iskandariyya. Surukinsa yana da kwale-kwale a can, shi ya ba shi kamun asubar ranar a cikin kula da ƙanƙara. Ya ce ya ji Hajiya 'yar ruwa ce. Iya ta miƙe da sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Aka buɗe kula, ta yi turus. Kifin shimfiɗaɗɗe ne kamar tafin takalmi, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari, idanunsa biyu duk a gefe guda. Ta ja da baya ta nemi tsari. Ammu Usman ya yi dariya ya ce samak Musa ake kiransa da Larabci, halal ne tsaf, kuma duk teku ba wanda ya kai shi laushi.

Iya ta kore mu daga kicin. Umma ba ta taɓa dafa kifi a gida ba, a shago ake gasa mana, kuma ko ta iya ba za ta buɗe baki ta gyara wa surukarta ba. Ni na laɓe a bakin ƙofa. Iya ta yi masa yadda ake yi wa tarwaɗa: ta tafasa ruwa ta kwara masa, ta murje shi da gishiri, ta jefa a miyar daddawa da barkono, ta rufe, ta tafi sallar la'asar, ta zauna lazimi. Da ta dawo ta ɗaga murfi, babu kifi. Sai ƙaya tana yawo a saman miya.

Abba ya ci da tuwo, yana tsince ƙaya daga harshe yana cewa tamam, wai ya yi daidai. Umma ta ce ma'alish, wato ba komai, wanda ya ƙara ɓata lamarin. Iya ba ta sa hannu ba. Ta ce tun ba ta kai ni ba take gyara kifi, yau ga shi kifi ya yi mata tsiya a gaban jikarta.

Da magariba ta hura gawayi kamar kullum. Ta ce akwai wata karfasa a Kwara da ta san kowane dutse da kowace ciyawa a kogin. Wata shekara ambaliya ta kwashe ta, ta yi ta tafiya da ita har ta zubar da ita a teku. Ta ɗanɗana ruwan ta ji gishiri, ta tofar. Ta duba abincinsu ba ta gane komai ba. Sai ta gangara ƙasa ta kwanta da gefe ɗaya a kan yashi, tana kallon wajen da ruwan kogi yake shigowa. Yunwa ta lallatse ta har ta zama kamar faifai. Idon da yake ƙasa ya gaji da kallon yashi, ya rarrafo ya zo kusa da ɗan'uwansa, su biyu suka ci gaba da kallon hanyar gida.

Na jira. Iya ta juya gawayi da cokali.

"Sai me, Iya?"

"Tana nan kwance," ta ce. Ta naɗe gefen zanenta ta tashi. Ba ta tafa ba, ba ta ce ƙurunƙus ba.

Tatsuniyar ta bi ni shimfiɗa kuwa, ta bi ni makaranta. Abin da ya fi damuna shi ne na san yadda ake dafa kifin. Tagar kicinmu tana kallon ta Umm Huda, Bamisriyar da ke ɗaya gefen, tsakaninmu ramin iskan nan da ake bari a tsakiyar bene. Na daɗe ina hawa kan bokiti ina kallon hannunta in tana girki. Na sha ganin ta da samak Musa. Amma yaya yarinyar da ba ta iya amsa sunanta a aji za ta koya wa 'yar masunta kifi? Kullum in shirya maganar a bakina, in na zo tabarma ta narke kamar kifin. Hutu kuma yana matsowa. Na ga Abba ya sauko da akwatin Iya daga kan kabad yana duba zif ɗinsa.

Yabon da Abba ya yi ne ya cece mu. Ya gode wa Ammu Usman ƙwarai, har mutumin ya ɗauka kifin ya karɓu, Juma'a ta zagayo ya sake kawo kula. Iya ko leƙawa ba ta yi ba, ta ce a ba maƙwabta. Umma ta ɗauki mayafi za ta kai shago a soya. Ban san lokacin da na ɗauko turmin ƙarfe da tafarnuwa da lemon tsami na dire a gaban Iya ba.

"Iya, ba ya son ruwan zafi."

Ta dube ni ta saman sabon tabaronta. "Wa ya gaya miki? Shi kifin?"

"Na gani ta taga."

"Ashe Shiru ɓarauniyar girki ce." Ta gyara zama. "To, yalla, mu fara." Ban taɓa jin kalmar Larabcin Masar a bakinta ba sai ranar.

Na nuna mata yadda ake tsaga fatar a wajen wutsiya a ja ta saluɓe kamar safa. Sau ɗaya ta gani, sauran ta fi ni sauri. Muka daka tafarnuwa da gishiri da wani kayan ƙamshi da ake kira kamun, muka matse lemo, muka shafe kifin, muka bar shi ya sha. Aka birkiɗa shi a fulawa. Ta ƙi gas, a kan kurfoti aka ɗora kasko. Da mai ya yi zafi ta sa na farko, ta ɗauko murfi za ta rufe ta jingina. Gefensa ya fara ja. Na kama wuyan hannunta, awarwaron ya yi ƙara.

"Juya, Iya. Yanzu."

Ta ce kifin da bai daɗe a wuta ba ai ɗanye ne, amma ta juya. Da aka kwashe ta ɓantari gefe, naman fari tas, ya rabu da ƙaya da kansa. Ta tauna a hankali. Ta ce ba laifi, sai dai ba shi da tarbiyya, a miƙo mata yajin ƙuli-ƙulinta. Ta barbaɗa. Ta ci ɗaya da tuwon shinkafa, ta ce wa Umma shinkafar Masar ma ashe don tuwo aka halicce ta. Ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu. Abba ya tashi ya shiga ɗaki, na ji ƙarar akwati yana komawa kan kabad.

Da yamma ta ɗauko tatsuniyar daga inda ta ajiye ta. Ta ce ashe akwai wata 'yar ƙaguwa a bayan dutse, mai kunya, ko tafiya ba ta iya yi gaba da gaba sai a kaikaice. Ta daɗe tana kallon karfasar. Rannan ta matso ta ce, "Baba, abincin nan yana ƙarƙashinki, kwanciya kika yi a kansa." Karfasa ta tona yashi ta ci. Idanun dai ba su koma ba, har yau suna kallon gida, amma ta yi ƙiba. Iya ta tafa, ƙurunƙus kan tarwaɗa. Daga ranar na tashi daga Shiru na koma Ƙaguwa.

Iya ba ta sake ganin Kwara ba. Ta zauna da mu har na shiga sakandare, a Alƙahira aka binne ta. Yanzu ina karatu a Iskandariyya, ina sayen kifi a hannun masu kwale-kwale, wani lokaci har salmon ɗin da ake kawowa daga ƙasashen sanyi nake gasawa, kuma duk dokarsu ɗaya ce: kada ka juya musu baya a kan wuta.

Na daɗe ina ɗauka ni na ga abin da Iya ba ta gani ba. Sai bayan rasuwarta Umma ta gaya mini cewa tun farkon zuwanta Iya ta tambaye ta me yarinyar nan take kallo a kan bokiti. An gyara mata ido, ai, kuma ba ta bar shi ya zauna banza ba. Ta san na sani. Tsohuwa irinta ba za ta ce wa jika koya mini ba, ni kuma ba zan buɗe baki don kaina ba. Sai ta kwantar da kifinta a kan yashi, ta bar mini tatsuniyar a buɗe, ta je ta jira.