Mai Shafa Fiffike

Ta tagar jirginmu a Yakutsk nake kallonta, tana tsaye kan tsani a gefen fiffike. Sam ba ta kwanta mini ba. Rigar sanyinta sabuwa ce fil, sai gyara hula take yi kamar mai jiran hoto. An gama fesa wa fiffiken ruwan narkar da ƙanƙara, kuma ita ce za ta ce mu tashi ko mu dakata.

"'Yar wani babba ce aka cusa," na ce wa matata Sardana. "Ƙanƙarar da ke kayar da jirgi ba a ganinta, sai an taɓa. Wannan ba za ta cire safar hannu ba."

"Tsoho, tunda ka bar aikin nan kowa ɗan koyo ne a wurinka."

Matar da ke kan tsanin ta ciji safar ta zare, ta shafa ƙarfen a hankali, ta sake shafawa. Yatsunta biyu guntaye ne, sanyi ya cinye su. Ta girgiza kai, ta yafito motar feshi ta dawo.

Sardana ta dubi yatsuna, goma cif. Na tura hannuna aljihu.